Ranar da Manoman Albasa Suka Ɓace daga Jadawali

Aikin da na fara samu bayan na gama karatu shi ne sakatariyar wata ƙungiya ta manoma da makiyaya. Ofishinmu yana Bodinga, ɗaki ɗaya ne da 'yar baranda, sai wata bishiyar dogon yaro a ƙofa wadda ta fi ofishin kansa tara jama'a. 'Yan ƙungiyar kuwa sun bazu tun daga ƙauyukan Bodinga har Shagari, da Dandin Mahe, da Mandera, da rugagen da ke tsakani. Ni kaɗai ce ma'aikaciya. Ni ce mai shara, ni ce mai rubuta takarda, ni ce kuma mai ba baƙo ruwa.

Abin da na gada daga tsohon sakatare, wanda ya koma Sakkwato wurin 'ya'yansa, littattafai ne uku masu baƙin bango. Ɗaya na manoma, ɗaya na masu dabbobi, na ukun kuma gara ta cinye rabinsa, har yau ban san na mene ne ba. Akwai kuma wata tsohuwar kwamfuta a cikin akwati, an lulluɓe ta da zane kamar kayan ɗaki. Da na kunna ta na ga tana aiki, sai na ce to, littattafan nan sun huta. Damina guda na yi ina kwafe su cikin jadawali ɗaya. Kowane mutum da layinsa a kwance, a tsaye kuma ga suna, ga ƙauye, ga lambar waya, ga abin da yake nomawa, ga ranar da injin ban ruwa na ƙungiya zai zo gonarsa, ga irin dabbobin da yake kiwo da yawansu, ga ranar da aka yi musu allurar rigakafi. Da na gama na tsaya ina kallonsa, na ji daɗi ƙwarai, don ban taɓa yin wani abu mai tsari haka da hannuna ba.

Mutum huɗu ne ke tafiyar da ƙungiyar, kuma dukkansu na tura musu jadawalin a waya don kowa ya riƙa dubawa daga inda yake. Shugaba shi ne Sarkin Noman Dandin Mahe, wanda kowa ke kira Baba, dogon dattijo mai babbar murya. Ya koyi boko ne da girmansa a ajin manya, yana karatu a hankali yana bin layi da yatsa, kuma ba abin da yake alfahari da shi kamar wayar da ɗansa ya aiko masa. Mataimakinsa Arɗo ne daga wata ruga kusa da Mandera, mutum mai kawaici wanda zai zauna taro daga farko har ƙarshe bai faɗi kalma goma ba. Sai likitan dabbobi da ke zaune a Shagari, wanda ban taɓa ganin ya kashe babur ɗinsa kafin ya fara magana ba. Ta huɗu ita ce Inna, shugabar mata, a nan Bodinga take, tana kiwon awaki da raguna, tana kuma yin gabu, wato busasshen ganyen albasa da ake dakawa a dunƙule don miya.

Mako biyu komai na tafiya daidai. Ran nan da hantsi, wajen ƙarshen damina, ina zaune sai na ji ɗan kabukabu ya tsaya a ƙofa. Na leƙa, sai ga Baba yana saukowa da babbar rigarsa, waya a hannu. Na shimfiɗa masa tabarma, bai ko dube ta ba.

"Ɗiyata, mi munka yi?" in ji shi.

Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, lahiya dai?"

"Lahiya za ta ɗauko ni tun daga Dandin Mahe da hantsin ga? An kore mu! Na buɗe abin ga naki in ga wa ad da injin gobe, ban ga kowa ba sai masu shanu. Manomin albasa ko guda babu. Har ni kaina, shugaba, babu ni."

Na karɓi wayar, na duba. Gaskiyarsa ce. Na buɗe kwamfuta, nan ma haka. Aikin damina guda, fiye da rabinsa babu. Na fara tunanin inda na ajiye littattafan nan uku. Baba yana tsaye a kaina yana faɗa mini cewa tun kafin ya hau babur ya riga ya sanar da maƙwabtansa biyu an cire su, ɗayan har ya ce dama ya san za a yi haka.

Ina cikin kallon jadawalin ne na lura da lambobin da ke gefe. Daga huɗu sai ya yi tsalle zuwa goma sha tara, daga nan kuma zuwa talatin da wani abu. Na ce a raina, ashe layukan suna nan, ɓoye su aka yi. Mutum ɗaya ne cikin huɗun nan zai iya wannan aiki. Na kira likita.

Ina jin ƙarar babur a bayansa ya ce, "Malama, ni na tace shi jiya, ina son in ga masu shanu kaɗai saboda allurar gobe. Au, wai kowa ma haka yake gani?"

"Kowa, likita. Ga Baba nan tsaye a ofis, ya ce an kore shi."

Sai na ji babur ɗin ya mutu. Wannan ne karo na farko. Ya ce in ba shi Baba ya ba shi haƙuri, ni kuma na cire tacewar da ya yi. Nan take sunaye suka dawo rututu. Baba ya karɓi wayarsa, ya bi da yatsa a hankali har ya iso kan sunansa, ya danna shi da ƙarfi kamar zai riƙe shi.

"Alhamdu lillahi," ya ce, "na dawo."

Sannan ya zauna a tabarma, ya sha ruwa moɗa biyu, ya yi ta dariya har hularsa ta karkace. Ya ce yanzu sai ya je ya maida maƙwabtan nan biyu cikin ƙungiya, ya kuma ji ta bakin wanda ya ce dama ya sani.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma jadawali ɗaya ne, hannu biyar ke taɓa shi. Likita ya yi alkawari ba zai ƙara ba, bayan kwana uku ya manta. Inna kuma wata rana yatsarta ta taɓa wani wuri, sai jadawalin ya kife, na ƙasa suka koma sama, ta kira ni tana dariya tana cewa ta ga alamar yau mata ne a gaba. Duk wanda ya gyara wa kansa, ya ɓata wa saura. Ina tuƙa tuwo waya za ta yi ƙara, ina alwala waya za ta yi ƙara. Har na fara tunanin in raba jadawalin gida huɗu kowa ya riƙe nasa, sai na tuna in na yi haka mun koma zamanin littattafai, wannan ya rubuta abu wancan bai sani ba.

Mafita ta zo mini ne a gidan suna. Wata ƙawata da muka yi makaranta tare, wadda take aiki a wani ofis a Sakkwato, ta haihu, na je barka ranar suna. Muna zaune a ɗaki da kwanon shinkafa a tsakaninmu na ba ta labarin Baba, ta yi dariya har jaririn ya farka. Ta miƙa shi ga yayarta, ta goge hannu, ta ce in kawo wayata.

"Ke dai ba ki bincika ba," ta ce. "Dubi nan. Jadawalin guda na, amma kowa kina iya yi mai nashi yadda zai riƙa kallo. Ki tace, ki jera yadda yake so, ki ɓoye abin da bai dame shi ba, ki ba abin suna, ki aje. In ya buɗe nashi, duk juyin da zai yi ba ya taɓa na wani. In kuma anka gyara suna ko rana, kowa zai gani, don tushen guda na."

A gabana ta yi ɗaya, ta goge, ta ce in yi da kaina. Na yi. Abin bai kai minti biyar ba. Na koma Bodinga a mota ina jin kamar in ce wa direba ya ƙara wuta. Da na zo bayyana wa su Baba, na rasa sunan da zan kira abin, sai na ce taga, kowa da tagarsa. Sunan ya zauna.

Washegari na yi tagogi huɗu a zaune a ofis, bisa abin da nake zaton kowa yana so, na tura musu. Ba wadda aka yaba sai ta likita. Tasa dama ba wuya: masu dabbobi kaɗai, a jere bisa ranar allura, ƙauye ƙauye. Ya tsaya a ƙofar ofis da akwatin ƙanƙarar da yake zuba maganin allura ɗaure a bayan babur, ya duba, ya ce madalla, ya wuce. Baba kuwa ya kira ya ce manoma dai sun cika, amma an hautsina su. Inna ta ce ita ba ta ga bambanci ba, tururuwa ce dai baƙa a kan fari. Sai na gane tambaya ce ban yi ba. Na sa kwamfuta a jaka na fara bin su ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya tarbe ni a fadamar Dandin Mahe, lokacin ana renon irin albasa, ƙananan fangaloli kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Ya ce in buɗe tagar tasa in karanta masa biyar na farko. Na karanta. Na jera su ne bisa haruffa, kamar rajistar makaranta.

"To kin gani," ya ce. "Na hwarko gonatai tana can gabas, na biyu yana yamma, na ukku ya koma gabas. Injin ga jaki ka ɗaukar shi. In munka bi wagga takarda taki, jakin sai ya kai ƙararmu."

Ya ce ruwa ba ya bin haruffa, daga kan fadama ake farawa a gangaro. Muka taka tun daga sama, yana nuna mini gona yana faɗin mai ita, ni kuma ina ba kowace lamba. A nan na gano wata matsalar. Mutum biyar ne a ƙauyen masu suna ɗaya, uku daga cikinsu har sunan uba ɗaya. Ni a jadawali na sa musu na ɗaya, na biyu, na uku. Baba ya ce ba wanda ya san su da haka, ko matansu. Akwai mai jan jaki, akwai na bakin rijiya, akwai dogo, akwai gajere, akwai kuma wanda ake kira mai agogo saboda wani agogo da ya ɗaura shekara da shekaru ba ya tafiya. Na ƙara layi biyu a tsaye, ɗaya na laƙabi, ɗaya na lambar gona. A gindin wata mangwaro na zauna na gyara tagar: laƙabi, ranar injin, lambar waya, shi ke nan, a jere daga kan fadama zuwa ƙasa. Na kuma nuna masa yadda zai buɗa yatsu biyu rubutun ya yi girma. Ya miƙe ya bi fadamar da waya a hannu yana karantawa da ƙarfi, duk wanda ya ji laƙabinsa ya ɗago daga cikin fangali ya amsa, "Awo, Baba!"

Inna na same ta a tsakar gida tana shanya gabu a kan tabarma, awaki suna zagayen ta. Na ce ta faɗa mini abin da take so ta gani.

"Ɗiyar ga, ni bokon ga naku ba ya shiga kaina. Amma kawo allo ki ga aiki."

Ashe tana karanta ajami tar, tun tana yarinya. Na tuna wayata tana rubuta haruffan Larabci. Muka zauna, na ƙara wani layi, na fara rubuta sunayen matan da ajami. Rabona da ajami tun makarantar allo, don haka kusan kowane suna sai ta karɓe wayar ta ce, "Wanga wasali wa ya aike shi nan?" Ta yi ta mini dariya, matan gidan suka taru su ma suna taya ta. Kafin la'asar mun gama. Sai ta ce saura abu ɗaya, ba ta son ranaku, ita dai ta san wadda aka yi wa awakinta allura da wadda ba a yi wa ba. Na sa kore ga waɗanda aka yi wa, ja ga waɗanda suka saura. Ta riƙe wayar nesa da fuska ta duba, ta ce yanzu ta ga mutane. A take ta ga wata maƙwabciyarta tana ja, ta ɗaga murya ta kan katanga ta ce mata ranar allura ta fito da akuyar nan tata mai gardama.

Ban kai gida ba Baba ya kira. Ashe launin ya bayyana a babban jadawali, shi kuma ya leƙa can. Ya ce wa ya zubar da rini a cikin ƙungiya? Na ce na Inna ne, ya koma tagarsa ba zai gan shi ba. Ya ce to, amma shi ma in da hali a sa masa kore kaɗan, ya yi kyau. Na sa masa a kan layin ranar injin.

Arɗo na bari ƙarshe, don ban san ta inda zan fara ba. Na je rugarsu da safe bayan shanu sun fita. Aka shimfiɗa mini tabarma a gindin wata gawo, ya zauna nesa kaɗan, sandarsa a kan gwiwa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida da dabbobi da hanya. Na buɗe kwamfuta na ce, "Baffa, kowa ya faɗi abin da yake so ya gani, saura kai."

Ya gyara sandar a kan gwiwarsa. Sannan ya ce shi abin da yake so ya gani kaɗan ne, sunan mai garke da ranar allura. Amma akwai abin da ba ya so ya gani. Ya miƙo sanda a hankali ya nuna layin da na rubuta yawan shanun kowa.

"Mu ba mu ƙidaya shanu a gaban mutane," ya ce. "Ko ɗan'uwana ba ni tambayar shi nawa gare shi. Da tsohon sakatare ya tambaya, kunya ta sa anka ba shi amsa." Ya ɗan yi murmushi. "Kuma ba duka amsar ta gaskiya ba."

Na ce wannan mai sauƙi ne. Na ɓoye layin daga tagarsa, na juya masa ya gani. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya yi mini godiya har da addu'a. Na kama hanya ina jin na gama aiki.

Ina cikin mota a kan titin Shagari zuwa Bodinga abin ya fara damuna. Daga tagarsa kaɗai na ɓoye layin. Duk wanda ya buɗe babban jadawali, ko tagar likita, zai ga lambobin nan a fili. Shi kuwa ya yi mini godiya ne a kan an rufe su. Na ce wa kaina ai ba zai taɓa sani ba, amma maganar ba ta zauna mini ba. Washegari na sake hawa mota na koma rugar. Ya yi mamakin ganina.

Na ce, "Baffa, jiya ban gaya maka duka ba. Tagar nan ba makulli ba ce. Kai ne kaɗai ba ka ganin lambobin, amma suna nan, sauran suna iya gani."

Ya dube ni, ya dubi hanyar da na biyo. Ya ce, "Don wanga kika dawo tun daga Bodinga?" Na ce e. Ya kira matarsa da Fulatanci, ban ji abin da ya ce ba, amma tabarmar da aka kawo mini a ranar sabuwa ce.

A taro na gaba, a gindin dogon yaro, na kawo maganar. Likita ya ce shi fa dole ya san adadi, in ba haka ba ta yaya zai san kwalabe nawa zai ɗauko? Arɗo ya ce in don wannan ne, shi zai riƙa gaya masa jimillar kowane yanki baki da baki, ba tare da an ce na wane kaza ba. Likita ya yi ɗan gunaguni, Baba ya ce a gwada. Na goge layin gaba ɗaya a gabansu. Bayan zagayen allura na gaba likita da kansa ya zo ya ce mini karon farko ke nan da magani ya ishe shi bai koma Shagari ɗauko ƙari ba. Ashe lambobin da muka yi ta adanawa duk a rage suke.

Daga nan wayata ta huta. Kowa ya shiga tagarsa, ya juya ta yadda ya ga dama, ba mai ɓata wa wani.

Taga ta biyar ba ni na yi tunaninta ba. Da kaka ta kama aka yi taro a Shagari. Kafin a fara, Baba da Arɗo suna zaune kafaɗa da kafaɗa a kan benci, Baba yana nuna masa tagarsa yana cewa tasa ta fi kyau, ga kore ga manyan baƙaƙe. Arɗo ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo wurina.

"Malama, abin ga yana iya nuna gonar da anka gama kwashewa?"

Ya ce duk shekara in an yi girbi sukan shigar da shanu gonakin gero da dawa su ci kara da harawa, su bar wa mai gona taki. Kowa na so. Matsalar ita ce sanin lokaci. Wani ya kwashe dawa amma wakensa na nan, shanu su shiga, a yi ta ɓacin rai a kan abin da ba wanda ya yi niyya. Baba ya buga cinya ya ce shi ma abin da ke cinye masa kaka ke nan, sasanci.

A nan kan bencin muka tsara ta. Gonakin da ke bakin burtali kaɗai, wato hanyar da shanu ke bi, tun daga Mandera har Dandin Mahe, a jere yadda garke zai tarar da su. Kowace gona da kalma ɗaya a gabanta: ko "an kwashe" ko "da saura". Inna ta ce a sa launinta, don wanda bai iya karatu ba ma ya gane. Baba ya ce shi zai riƙa canzawa da hannunsa, ba sai an jira ni ba. Na koya masa sau uku, a na huɗu ya ture hannuna.

Makonnin nan na fi jin daɗin aikina fiye da kowane lokaci. Kullum in na buɗe sai in ga ja ya ragu, kore ya ƙaru. Arɗo ya ce mini da safe yakan hau wani tudu a bayan ruga inda sabis ke kamawa, ya duba, ya sauko ya gaya wa masu kiwo inda za su nufa. Manoma ma suka shiga gasa, ba mai son a ga gonarsa ja bayan ta maƙwabcinsa ta yi kore. Mai agogo, wanda aka sani da jinkiri, a shekarar shi ne na uku wajen gamawa, har aka yi ta tsokanarsa wai agogon ya tashi.

A ƙarshe gona ɗaya ta rage ja a duk tagar. Ta Baba ce. Ya yi ta bin gonakin mutane yana tabbatarwa kafin ya canza musu launi, nasa waken yana nan a tsaye ba a tsince ba. Kuma kowa na gani. Inna ta kira shi a gabana ta ce, "Sarkin Noma, ko mu turo mata su taya ka?" Ya ce ta kiyaye shi, yana dariya. Ya kira ni daga baya a asirce ya ce ko akwai yadda za a yi a ɗan ɓoye layinsa kwana biyu. Na ce, "Ranka shi daɗe, akwai, amma shanun fa?" Ya ce haka ne, a bar shi.

Kwana biyu bayan haka aka ce in zo Dandin Mahe da safe. Na tarar da Arɗo a cikin gonar Baba tare da mutanensa kusan goma, sun ajiye sanduna a bakin gona, kowa da buhu yana tsintar wake. Ba wanda ya gayyace su. Arɗo ya ce sun ga shanu sun gaji da jira ne. Maƙwabta da suka ga haka su ma suka shigo. Baba yana ta kai da kawowa yana cewa a yi a hankali, ba wanda ke sauraronsa. Ni ma na ajiye jaka na ɗaura zane na shiga, ko da yake Fulanin sun fi ni sauri nesa ba kusa ba.

Kafin azahar an gama, an ɗaure buhuna an ɗora wa jakuna. Baba ya tsaya a tsakiyar gona, ya goge hannu a rigarsa, ya zaro waya. Jama'a suka kewaye shi. Ya buɗa yatsu biyu rubutu ya yi girma, ya nemo layinsa, ya danna. Sabis ya ɗan yi nauyi, muna ta kallo. Can sai ya koma kore. Arɗo ya duba tasa wayar, ya ga haka, ya juya wajen burtali ya yi kira ɗaya mai tsawo. Shanun suka taso, farare da jajaye, suka shigo gonar a hankali suna karya kara. Baba ya matsa gefe ya ba su hanya, ya ce wa wani babban bajimi da ya wuce ta gabansa ya ci da kyau, kada ya manta da takin.